Tsagar da Ba a Yi wa Kyauta Ba

Kyauta mai ginin tukwane ta Jiratawa ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ko a gidan biki a tsaye take, kamar wadda ta bar tuwo a wuta. Abin da ke cin ta kuwa kowa ya sani: fuskarta sumul, babu tsaga ko ɗaya. A ƙasar da wanzami ke yi wa jariri tsagar gidan ubansa ran suna, ita ba wanda ya ce tasa ce. Uwarta ta mutu ba ta faɗa ba. Matan bakin rijiya dai sun ce ubanta Dogon Gulbi ne, mawaƙin nan na Tibiri da ake rera baitocinsa har bayan ransa.

Da ambaliya ta cinye tsohon Maraɗi aka koma tudu, sai kumandan, Baturen mulki, ya bushi iska ya ce a gina mutum-mutumin mawaƙin a bakin sabuwar kasuwa. Malamai suka tsuke baki. Aikin ya faɗa kan Ilyasu magini, wanda bai taɓa ganin Dogo ba, hoto kuma babu. Aka ɗauko masa tsoho Ɗanasabe, ɗan amshin marigayin, yana kwatanta masa. Kullum a gina kai, tsoho ya ce a rushe.

Kyauta ce ke kawo yumɓu. In ta sauke ba ta tafiya, sai zagaye da baza kunne. Ran nan Ɗanasabe ya ɗago ya yi mata dogon kallo.

"Ilyasu, bar wahal da kanka. Ga goshin nan, ga hancin. Zamna, ɗiyata."

Ta matso kusa da shi. "Baba, shi ne?"

"Ni kama na gani."

Haushi ya turnuƙe ta, amma ta zauna har la'asar, abin da ba ta taɓa yi ba. Fuskarta ta fito sak a yumɓu, saura tsagar Gobirawa. Ilyasu ya ɗauki wuƙa. Tsoho ya ƙwace, ya juya ta a hannu, sannan ya miƙa wa Kyauta.

"Ran sunanki, ni Dogo ya aiko da wanzami. Kakanki ya kore mu, wai ba shi haɗa jini da maroƙi."

Ta ja layin farko a yumɓun, daga gefen baki zuwa kunne, hawaye na jiƙa nata kumatun.