Katin Awon Adda Hauwa

Akwai abin da na yi ina ɗan shekara goma sha ɗaya wanda har yau nake cewa da ma ban yi ba. Wata Laraba ce da safe, cikin watan Satumba na shekarar da aka sami 'yancin kai. Maza duk sun tafi gonarmu ta Inkil, ni kuma ina sharar turken maruƙa kafin in wuce makaranta, sai yayata Adda Hauwa ta yafito ni daga bayan rumbu. Ta dafa bango da hannu ɗaya, gumi na bin wuyanta. Ta kwance wani kati daga bakin zanenta ta sa mini a aljihu, ta ce, "Buba, kai wannan asibiti, ka ba malama mai farin kallabi. Kada Inna ta ji."

Adda ta dawo gida ne goyon ciki, haihuwarta ta fari. A gidanmu na Fulanin da suka daɗe a gari, mai cikin fari ba ta ambaton cikinta, ba ta nishi a ji, uwa ma kunya ba ta barin ta leƙa ta. Mace takan durƙusa ita kaɗai a ɗaki, sai an ji kukan jariri a kira ungozoma ta yanke cibiya. In naƙuda ta yi tsawo, a karɓo rubutu wurin malam. Asibiti kuwa, kakarmu cewa take, "Can sai wadda aka fid da rai." Amma mijin Adda, masinja ne a ofishin En'e, ya taɓa kai ta awo a ɓoye. Malamar asibiti ta duba ta, ta ce ɗan a gicciye yake, da ta ji ciwo ta aiko da katin a zo a ɗauke ta. Ranar mijin yana can rangadi.

Ni kuwa hankalina na wani wuri. Makonni muka yi muna koyon maci a filin makaranta saboda bikin 'yanci, ni aka zaɓa in riƙe tuta a gaba, malam kuma ya ce wanda ya makara ya rasa matsayinsa. Hanyar asibiti daban, ta makaranta daban. Na tsaya a mararraba na ce bari a tashi tara. Da aka tashi tara abokai suka ja ni langa a gindin tsamiya, na ce bari a tashi gaba ɗaya. Sai bayan azahar na nufi gida, ina buga ƙafa ina rera waƙar maci, na ma manta da abin da ke aljihuna.

Na tarar da takalman mata a ƙofar ɗakin Adda. Ungozoma ta fito tana cewa hannun ɗan ne ya riga fitowa, wannan ya fi ƙarfinta. Na taɓa aljihu, katin ya jiƙe da gumi. Ko a lokacin, da na ruga asibiti, da ƙila an yi wani abu, amma tsoron duka ya sa na koma zaure na yi shiru. Wannan shirun ya fi macin ci mini rai. Sai da la'asar Baffa, mahaifinmu, ya dawo daga gona, ya tsallake maganar kakarmu, ya aro amalanke aka shimfiɗa mata tabarma. Muna tura ta zuwa asibiti ba ta yi kuka ko sau ɗaya ba. Ta dai dube ni, ba ta tambaye ni komai ba. Ta cika ana shirin yi mata aiki, ita da ɗan. Na ji malamar nan tana ce wa Baffa, "Da da safe kuka kawo ta."

Na binne katin a ƙarƙashin rumbu. Ranar biki na riƙe tutar, aka yi ta tafi.

Yanzu kusan kowace unguwa a Bauchi da ɗakin haihuwa. Jikata da ke Fadaman Mada da bakinta ta gaya mini ranar awonta, ba kunya ba ɓoyo, na ji daɗi, na kuma tuna wadda sai ta hannun yaro ta iya neman ceto. Ina roƙonku, in mai ciki ta ce a kai ta asibiti, ku ajiye duk abin da ke hannunku. Kada ku ce bari a jima.