Magen Inna Ladi

Lokacin da muke Unguwar Kanawa, tun Turawa ba su tafi ba, Kakarmu ba ta kashe murhu bayan an sauke tuwo. Sai ta ƙara itace, mu kewaye ta, ta yi mana tatsuniya har a kira isha'i.

Ba mu kaɗai ke zuwa ba. Maƙwabciyarmu Inna Ladi, tsohuwa mai tuyar ƙosai wadda mijinta ya rasu, tana da wata farar mage. Da magen ta ji ɗumi sai ta haura katanga ta kwanta cikinmu. Ni kuwa jikina ba ya shiri da mage. Atishawa nake farawa, idanuna su kumbura, ƙirjina ya riƙa kuka kamar usur.

Ranar da numfashina ya sarƙe har aka kai ni asibiti, likita ya ce gashin mage ne. Babanmu akawu ne a ofishin gwamnati, mutum mai sanyin hali, amma ran nan ko hula bai cire ba ya nufi wurin tuyar Inna Ladi. A gaban masu sayen ƙosai ya ce mata, "Ke da ba ki da ɗa, ina za ki san zafinsa? Dabbarki za ta kashe min 'ya!"

Ina tsaye a ƙofar gida. Ta ajiye matsami, ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Ban sani ba."

Da yamma Kaka ta ce, "Ku matso, ga wata nan ta iso." Ta ɗaga murya fiye da kullum, don Baba yana zaure.

Wai wani mutum ne da komai ke damunsa. Warin daddawar maƙwabciya ya hana shi sakat, ya yi ta masifa har ta tashi. Ƙarar maƙera ta sa masa ciwon kai, ya kori maƙerin. Mai zakara ma ya bi su. Ya yi barci mai daɗi. Rannan ruwa ya kashe masa wuta, ya ɗauki kasko ya fita ɗebo garwashi, gida bayan gida duk kango.

"Ciwon kansa gaskiya ne fa," in ji Kaka. "Bakinsa ne bai iya ba. Ta ƙare, ku tashi ku yi alwala."

Washegari Baba ya shiga gidan Inna Ladi don ba da haƙuri. Ya makara. Tun da asuba ta sa magen a buhu, ta ba wani direban da zai tafi Zariya. Shekara da shekaru da magen nan take hira in dare ya yi.

Ba ta taɓa nuna mana fushi ba. Duk safiya in aka aike ni, sai ta ƙara min ƙosai, ta ce, "Dije, ya ƙirjin?" In ce da sauƙi, kaina a ƙasa. Sauƙin na gaske ne, shi ya fi ba ni kunya.

Yau na girmi Baba na wancan lokacin. Na daɗe ina zaton tatsuniyar cewa take a jure komai. Ba haka ba ne. Da an shiga da sallama an yi mata bayani, da ita da kanta za ta san dabarar tsare magenta. Muna da gaskiya, amma tsohuwar nan ita kaɗai ta ƙarasa kwanakinta a ɗaki.