Inda Shinkafar Ta Kwanta

Da na shigo na yi sallama, babu wadda ta amsa da ƙarfi. Matan gidanmu suna tsakar gida suna ƙulla gyaɗar sayarwa a leda, sai hannuwa suka tsaya. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta dubi taɓon ƙafata ta ce, "Sannu da aikin gona, 'yar boko."

Baba dillalin albasa ne a Kasuwar Shasha, amma bana ya karɓi aron wata 'yar fadama bayan Akinyele wurin wani dattijo Bayarabe, ya shuka shinkafa. Da ta fid da kai, tsuntsaye suka taso mata. Ni da na gama sakandare ina zaune, ni ake turawa kora. In hau keke da safe, in wuni ina kaɗa gwangwani. Ɗan dattijon kan wuce a babur ya gaishe ni da Yarbanci, in amsa. Iyakarta ke nan.

A daren da ya gabata an kwana ana ruwa da iska. Da safe na tarar da wuri ɗaya a tsakiyar gonar, kamar faɗin tabarma, shinkafar ta kwanta shame-shame, saura kuwa tana tsaye. Ban kawo komai a raina ba. Ashe wani maƙwabcinmu ya bi ta wurin, ya gani, ya gaya wa matarsa. Kafin in dawo magana ta zaga unguwarmu ta Sabo.

"Shinkafa dai ba ta kwanciya da kanta," in ji Gwaggo. "Sai an kwanta a kanta."

Sai a lokacin na gane ni da ɗan dattijon ake nufi. Na kasa cewa komai, shirun ma aka ce shaida ne. Na daina zuwa Islamiyya. Ko ɗiban ruwa sai na ja mayafi har hanci. Inna ba ta tambaye ni ba, kuka kawai take yi, wannan ya fi min ciwo.

Ranar Asabar Baba ya tafi gonar shi kaɗai, ya dawo bayan la'asar da damin karan shinkafa biyu, ya zube su gaban mata.

"Ku taɓa."

Na farko gajere ne, mai tauri. Na biyu dogo, kore shar, gaɓoɓinsa zara-zara, ana matsawa yana lotsewa kamar ganyen albasa.

"Nan na juye ragowar buhun yuriya, don ƙyuyar ɗauko shi," ya ce. "Taki in ya yi yawa, sai ta yi ta tsawo babu ƙwari. Kai ya yi nauyi, ruwa ya jiƙa shi, iska ta tura. Me zai hana ta faɗi?"

Gwaggo ta murza karan ta ce ita dai abin da ta ji ta faɗa.

Baba ya zo ƙofar ɗakin da nake leƙe, ya ɗaga labule.

"Fito, uwata. Wanke fuskarki. Babu abin da kika yi, kuma babu mai sake ɗaga miki murya a gidan nan."