Sabon Hannu a Sahun Gaba

A wata walimar aure a unguwar Aƙiƙ, lokacin ina ɗalibi a Madina cikin shekarun 1980, na ga Baba Haruna ya tura sabon ɗalibinsa sahun gaba na masu kiɗan mandiri.

Dattijon jikan mahajjatan Kano ne. Ya tara matasa yana koya musu kiɗan kakanninsu don kada ya ɓace.

Na ce, "Baba, in ya kuskure fa? Bikin mutane ne."

Ya ce, "Zai kuskure mana, ya waladi, ɗana. Shi ya sa na jera gwanaye a bayansa."

Ya kuwa kuskure. Gwanayen suka ɗaga kiɗa, suka rufa masa asiri har ya daidaita. Ko ango bai lura ba.

Ku fa, wa ya tsaya a bayanku ranar farko?