Shekara huɗu da katin wani

Ni mai sayar da kayan gyaran mota ne a Dilimi, amma idan ka shigo unguwar kana nemana da wannan sana'ar za ka sha yawo. Ka ce Koci kawai, ko ƙaramin yaro zai nuna maka shagona. Na yi shekaru ina rufe shago bayan la'asar in tafi filin bayan firamare in horar da yara ƙwallo. Filin rabinsa tsakuwa ne, ga gangara, wanda ya samu gefen sama a farkon wasa ya riga ya ci rabin wasan. Ba mu da mota, ba mu da ofis. Ofishinmu wata jakar leda ce mai zif da nake turawa ƙarƙashin kantar shagona, a cikinta katunan 'yan wasa suke.

A kan katunan nan na tafka kuskure, kuma ba zan ɗora wa kowa ba, ni na yi da hannuna.

Kafin yaro ya buga gasar unguwanni sai yana da kati daga hukumar ƙwallo, da sunansa, da ranar haihuwa, da hoton fasfo, da hatimi da ake bugawa rabi a kan hoton rabi a kan katin. Yin sabon kati kuwa aiki ne ja. A nemo takardar haihuwa, a nemo sa hannun uba, a je ofis a ce sakatare ya fita, a dawo gobe. Yaranmu kuma ba sa zama, wannan an kai shi koyon walda, wancan babansa ya hana shi. To sai muka samo wa kanmu sauƙi. Wanda ya tafi ya bar katinsa, sai in kara katin a bakin buta tana tafasa, tururi ya saki gam ɗin, in ɗaga hoton da reza, in manna na sabon yaro. Rabin hatimin da ya tafi da tsohon hoto, murfin kwalbar lemo nake shafa wa tawada in cike da shi. Na ƙware sosai, har kocin wasu unguwanni suna kawo mini nasu. Ba mu taɓa kiran abin ha'inci ba. A wurinmu kati kamar rigar wasa ne, wanda ya zo ya saka. Alƙalin wasa ma fuska yake dubawa, ya kira suna, yaro ya amsa, in dai bai ga gemu ba an wuce wurin.

Haka na yi wa wani yaro da ya zo mini yana shekara goma sha ɗaya. Siriri ne, ɗan asalin nan tsaunuka, Kirista, babansa ya rasu, mamarsa tana sayar da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada. Katin da ya rage a jaka ranar na wani ɗan unguwar Gangare ne da ya girme shi da shekara shida, wanda ya daina zuwa. Na kunna risho na ɗora buta. Tun daga ranar, duk wasa alƙali zai kira sunan Bahaushe Musulmi, ɗan coci ya ɗaga hannu. Yara suna tsokanarsa suna ce masa Malam, shi ma yana dariya.

Yaron ya iya ƙwallo, kuma ni ba mai saurin yabo ba ne, yarana za su gaya maka. A tsakiya yake wasa. Kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda zai aika ta, kuma bai taɓa yi mini gardama a kan gudu ba. Da ya kai shekara goma sha biyar, masu neman yara daga wata babbar makarantar horar da 'yan ƙwallo, akadami kamar yadda ake cewa, suka zo kallon gasa. Shi kaɗai suka kira gefe. Suka ce ya zo gwaji nan da mako uku, ya taho da takardar haihuwa da wasiƙa daga hukuma mai nuna kulob ɗin da ya raine shi da shekarun da ya yi a can. Ba wasiƙa, ba shiga.

Abin haushin shi ne, wannan dokar don irinmu aka yi ta. Da can manya zuwa suke su kwashe yaron da ka sha wahala a kansa, ko sannu ba za su ce maka ba. Yanzu an ce a rubuta wanda ya raine shi. Na yi ta murna a fili, har na saya wa yara rake. Sai da na koma shago na zuge jakar nan na ciro katinsa, sannan na tuna abin da na yi. A littafin hukuma babu yarona ko kaɗan. Wanda ya buga mana shekara huɗu wani ne daban, kuma shekararsa ashirin da ɗaya. Duk ƙasar nan rage wa yara shekaru ake yi, ni gwanin duniya na ƙara wa nawa.

Tunanin farko da ya zo mini, ba zan ɓoye ba, buta ce da reza. Na ce in kankare ranar haihuwar, in gyara sunan. Amma akadami ba kati take so ba, wasiƙa take so, wasiƙa kuma daga babban littafin hukuma ake kwafo ta, shi kuwa ba ya shiga buta. Na kwana biyu ina yi wa masu saye tsawa ba dalili. A na uku na hau keke na tafi Farin Gada, don gara ta ji daga bakina.

Na same ta tana ɓare wa kabeji ganyen waje. Na gaishe ta, na tsuguna na faɗa mata komai. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da na fi jin sauƙi. Ta ajiye wuƙar ta ce, "Koci, kana nufin shekara huɗu yarona yana amsa sunan wani mutum?"

Na ce, "Haka ne, Mama."

Ta ce, "Sunan da babansa ya ba shi kafin ya mutu, shi ne ba ya isa? Ni na ba ka yaro da suna. Ka je ka dawo mini da shi yadda na ba ka."

Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da aiki. Na yi sallama na tafi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ni da nake tara yara ina yi musu wa'azi a kan gaskiya duk ranar Asabar.

Daga nan na ƙudura cewa wasiƙar nan sai ta fito, ko me za ta ja mini. Hanya ɗaya ce: in je hukuma in ce katin na jabu ne, ni na yi, kuma in kawo shaidar cewa yaron da ke hoton shi ya buga wasannin. Na fara da neman mai katin na ainihi. Ban sha wahala ba, ashe a kasuwar nan ta Farin Gada yake dako, yana lodin kwandunan tumatir a manyan motoci. Ya zama ƙato, ga gemu. Da na gaya masa cewa a takarda shi ne gwanin tsakiyar filinmu har bana, ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Ya ce, "Koci, ashe ina ta cin ƙwallaye ban sani ba. To ina kofina?"

Na ce, "Kofinka shi ne ka bar lodi ranar Litinin ka bi ni ofis."

Ranar Litinin kuwa motoci suke cika. Duk da haka ya ce zai zo, kuma ya zo, da wankakkiyar riga.

Sai na bi tsofaffin hotunan gasa. Na je gidan mai hoton da ke bin mu fili, muka zazzage akwatinsa, muka tsinto yaron a hoton kowace shekara, yana tsugune a layin gaba, kunnuwansa sun fi kansa girma a na farko. Na samo alƙalan wasa biyu da suka yarda su ce sun san fuskarsa. Na uku ya ce kada in sa shi a rigima, na gaya masa magana marar daɗi, wadda daga baya na je na ba shi haƙuri.

Sau uku muna zuwa ofis ba mu samu sakataren ba. A na huɗu na zauna a kan benci tun safe na ce ba zan tashi ba, har mai shara ta gaji da ɗaga mini ƙafa. Wajen azahar ya shigo. Dattijo ne mai furfura, tsohon ɗan wasa, ba ya son dogon zance. Na shiga da yaron, da ɗan dakon, da hotuna. Na ajiye katin a gabansa na ce, "Ranka ya daɗe, wannan katin ni na sauya masa hoto. Ga mai sunan, ga mai fuskar."

Ya ɗaga katin ya kara a hasken taga. Ya daɗe yana kallon hatimin. Ya ce, "Da me ka yi wannan?"

Na ce, "Da murfin kwalba."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya tambayi ɗan dakon yaushe ya daina wasa, ya faɗa. Ya tambayi yaron wasan da ya fara bugawa da wanda suka kara da su, ya faɗa, ya buɗe littafi ya ga haka ne. Sannan ya sallame su waje, ya bar ni ni kaɗai.

Ya ce, "Zan kai maganar gaban kwamiti. Idan kati ɗaya ne, ina jin gargaɗi za a yi maka. Amma zan tambaye ka sau ɗaya, kuma ka yi tunani kafin ka amsa, domin idan aka gyara wa yaron nan takarda sannan wata ƙarya ta ɓullo daga kulob ɗinka, tasa ma za a soke. Kati nawa ne?"

Jakar tana ƙarƙashin hammatata. Na san abin da ke ciki, kuma na san shi bai sani ba. Na tuna manyan yarana da bana ce shekararsu ta ƙarshe a gasar, sun yi ta gudu tun damina. Raina ya ce in ce ɗaya ne, mu rabu lafiya. Amma idan na ce ɗaya, yaron zai shiga akadami da igiya a ƙafa, duk ranar da wani koci mai jin haushina ya buɗe baki a jawo shi gida. Na zuge jakar na zazzage ta a kan tebur. Na ware masu kyau gefe, na tura masa sauran. Tara ne.

Ya ce, "Ka san abin da ka yi wa kanka?"

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe. A dai ba yaron wasiƙarsa."

Kwamiti ya zauna bayan mako guda. Aka dakatar da kulob ɗinmu daga gasa na shekara ɗaya, ni kuma aka hana ni shiga duk wani fili ko wurin horo da ke ƙarƙashin hukuma har tsawon wannan lokaci. Aka ce yara taran nan a yi musu sababbin katuna da sunayensu. Ranar da na tara yara na gaya musu, kyaftin ɗinmu ya cire takalmansa ya rataya a wuya ya tafi, kuma bai sake dawowa ba. Har yau idan muka haɗu a hanya yana gaishe ni, amma ba ya tsayawa. Wannan yana ci mini rai, kuma ban ga laifinsa ba.

Wasiƙar ta fito saura kwana ɗaya gwaji. Na karɓe ta na sa a cikin leda don ana yayyafi, na wuce Farin Gada kai tsaye. Tun ranar nan ba mu sake magana da mamar yaron ba. Na miƙa mata. Ta goge hannu a zani, ta buɗe a hankali. Turancin bai dame ta ba, da yatsa ta bi layi layi har ta kai inda aka rubuta sunan ɗanta da na babansa, da shekara huɗu a kulob ɗinmu. Ta tsaya a nan ta daɗe. Ta ninke takardar ta mayar cikin ledar.

Ta ce, "Gobe da safe kai za ka kai shi. Sauran yara za su zo da babansu."

Na ce, "Mama, an dakatar da ni. Ba za su bar ni in shiga ba."

Ta ce, "To ka tsaya a bakin get. In ya juya, ya gan ka."

Washegari na kai shi. Mai gadi ya duba wasiƙar ya buɗe masa, ni ya ce in ja baya. Na ja baya na tsaya jikin wayar shinge, rana ta fito ta same ni a nan. Sau biyu ya juyo kafin a fara, kuma duk biyun ina wurin.