Ranar da Aka Kira Sunan Yayana a Rediyo

A ƙasar nan, in kana son ka ga ƙaton mutum mai digiri uku yana rawar ɗari cikin zafin Douala, kunna masa rediyo lokacin labaran yamma. A nan ake karanta naɗe-naɗe. Shugaban jami'a, shugaban tsangaya, mataimakansu, duk daga can sama ake rubuto su, mai labarai ya jero su da Faransanci mai santsi. Wanda aka ɗora a nan zai ji, wanda aka sauke ma a nan zai ji, wataƙila da loma a bakinsa. Dekire muke ce wa abin a unguwarmu, New Bell. Da can in an fara, canza tasha nake in nemi ƙwallo. Ni mai sayar da takalman gwanjo a kasuwar Nkololoun, wa zai naɗa ni?

Yayana ne ya koya mini saurare. Malamin jami'a ne, lissafi yake koyarwa, kuma tun da kakanmu ya sauka a unguwar nan da huhun goro ba a taɓa yin mai karatunsa a gidanmu ba. Yana zaune a Makèpè, inda ko kare sai ya nemi izini kafin ya yi haushi, amma kullum da yamma sai ya ratso cunkoso ya zo yi wa Inna allurar ciwon suga. Ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai shi. Ni kam ta ce hannuna na takalmi ne. Da yake ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, Malam take ce masa.

Matarsa ce ta fara gaya mana, murya ƙasa-ƙasa, a madafa. Wai an yi taron malamai, ana cikin shan ruwan gora ana gyaɗa kai, sai Yaya ya ɗaga hannu. Ya ce me zai hana malamai su zaɓi shugaban tsangayarsu da kansu, tunda su suka san ajin da ke yoyo da kwas ɗin da ba shi da malami, maimakon a aiko musu wanda rediyo ta zaɓa. Ta ce nan take wanda ke kusa da shi ya ja kujerarsa gefe.

Daga ranar abubuwa suka soma canzawa. Abokan da ke cika masa mota kullum suka gano cewa tafiyar ƙafa tana da amfani ga lafiya. Aka karɓe masa wani aji ba bayani. Ba kurkuku muke tsoro ba, jifa muke tsoro. Kowa ya san labarin malamin da ya yi irin wannan magana aka tura shi inda ko waya ba ta kamawa. In aka jefa Yaya, wa zai riƙe Inna?

Ni dai na zama abin tausayi. Duk wanda ya tsaya a rumfata ya wuce minti ɗaya bai taya ba, ɗan leƙen asiri ne. Wani mai gilashi yana gwada takalmi ya ɗago ya ce ba ni ne ƙanin malamin nan ba? Na rantse masa ni maraya ne daga Garoua, ko ɗan'uwa ban taɓa gani ba. Ashe tsohon ɗalibinsa ne, gaisuwa zai ba ni. Wata farar mota ta yini a bakin layinmu, na zagaya ta cikin kwata har gwiwa don kada in wuce ta gabanta. Ashe mai maganin basir ne lasifikarsa ta lalace.

Rannan na tare shi a zaure.

“Yaya, don Allah, duk masu gilashin nan da ke ɗakin, kai kaɗai Allah ya ba baki?”

“Tambaya kawai na yi.”

“A nan ana tambaya ne? Ni ko ɗan acaɓa, kuɗin bensikin ba na tambaya sai na duba bayana.”

Ya yi dariya ya ce in rage surutu. Amma da ya zo zuƙo maganin a allura, sai da ya ajiye ya sake ɗauka.

Ranar da abin ya zo an yini ana ruwa, layinmu ya zama kogi. Yaya ya gama allura ke nan, rediyo na kan taga, sai mai labarai ya ce ga dekire. Suna na bin suna, ina jin kamar ana ƙirga mini haƙarƙari. Sai ga sunan Yaya, cikakke, har da na mahaifinmu. An naɗa shi mataimakin shugaban tsangaya, a wani sabon reshe can gabas cikin kurmi, tafiyar yini guda in hanya ta ga dama.

Mu uku a ɗakin babu wanda ya motsa. Sai guɗa ta tashi daga gidan maƙwabta.

Unguwa ba ta ji gabas ba, ba ta ji kurmi ba. Ta ji sunan ɗanta, ta ji an naɗa. Kuma al'adar nan ba ta da sauƙi, duk wanda rediyo ta kira, gidansu ake cikawa. Mutane suka riƙa tsallako ruwa da takalma a hannu. Wani Alhaji maƙwabcinmu, ɗan kasuwa da bai daɗe da zuwa daga Kano ba, ya jawo rago da kansa, ya rungume ni yana cewa yanzu mun zama manya, kada in manta da shi. Na washe baki har kumatuna suka yi ciwo. Ba a kukan naɗi. In ka ɓata fuska, ka raina wanda ya sa hannu ke nan. In ka ƙi zuwa inda aka tura ka kuwa, aikin ne gaba ɗaya ya tafi.

Ranar Asabar aka kafa rumfa aka jera kujeru, domin wanda aka naɗa dole ya tashi ya yi godiya a bainar jama'a. Abokan nan masu son tafiyar ƙafa duk suka zo, da manyan riguna. A sahun gaba wani da ba mu sani ba ya zauna, ya ɗaga waya yana ɗauka tun kafin a buɗe da addu'a.

Nan tsorona ya kai ƙarshe. Na san Yaya. Mutumin da ya yi tambaya a ɗakin taro, me zai hana ya sake ta da makirufo a hannu? Na lallaɓa na tsaya a jikin soket, na naɗe wayar lasifika a yatsana. In ya fara, zan fizge in ce wuta aka ɗauke, ai a New Bell ba wanda zai yi mamaki. Gumi yana bin bayana har cikin wando.

Ya karɓi makirufo. Ya dubi mutumin nan mai ɗauka da waya, ya dubi ƙofar ɗakin Inna. Sannan ya gode wa na sama bisa amincewar da suka yi masa, da Faransanci, ya maimaita da Hausa. Aka yi tafi. Na saki wayar lasifikar, yatsana ya yi fari. Na samu abin da nake so, amma naman ragon nan ban iya haɗiye ko tsoka ɗaya ba.

Kafin ya tafi ya zaunar da ni da lemo, ya koya mini allura. Na huda lemon nan har ya zama rariya. Da ya kai ni gaban Inna, sai ta dube shi ta ce, “Malam, na ji guɗa, amma ban ga wanda ya ci nama a cikinku ba.” Ta miƙo mini hannu ta kawar da kai.

Yanzu ni nake rufe rumfa da wuri in zo yi wa Inna allura. Har yau tana cewa hannun takalmi ne, kuma ba ta yarda a kashe rediyo, wai bakin da ya tura Malam shi zai dawo da shi. In aka ce ga dekire, sai in ajiye allurar a kan faranti mu saurara tare. Ba na iya yi mata sai an gama jero sunayen.