Rijiyar Toranke Mai Gaba Tara

Haruna mai haƙar rijiya ba ya shiga rami sai ya zazzage aljihunansa biyu, ko da ya san babu komai a ciki. Sannan ya sunkuyar da kai, ya yi gajeriyar addu'a da sunan Yesu, ya kama igiya.

A wata 'yar ruga ta bayan Gaya aka haife shi. Ubansa ma haƙa ya yi, amma shi irin na da ne, wanda ba ya taɓa ƙasa sai an zubar da jinin baƙin zakara, kuma ba ya sauka sai da guru a ƙugu. Haruna ya shiga coci yana saurayi, ya bar duk wannan. Bai yi wa kowa wa'azi ba. In an kawo maganar asiri a rumfar mai shayi, sai ya tuna da wani aiki ya tashi.

Bala, Musulmi, shi ke riƙe masa igiya shekara ashirin. Yakan ce, “Fasto, zazzage da kyau, kada wani aljani ya maƙale a ɗinki.”

“Kai dai riƙe igiya, tsohon banza, kada goro ya ɗauke maka hankali.”

Ranin da ya wuce aka ba su haƙa a Toranke. Sun kai gaba tara ke nan zariyar wandon aikin Haruna ta tsinke. Matarsa Baiwa ta farke ƙugun don ta zura wata, sai ga wani abu kamar ƙwayar dabino, an naɗe shi da jar fata. Ba ta taɓa shi da hannu ba. Da tsinke ta turo masa.

Haruna ya nufi ɗakin Dada, mahaifiyarsa, wadda idonta ya fara tafiya. Ya durƙusa.

“Dada, tun yaushe?”

“Tun wandonka na fari,” in ji ta. “Kowane sabo sai na mayar. Ɗan nan, ka taɓa ko gurɗewa a rami? To bar shi inda yake.”

Bai ɗaga mata murya ba. Ya jefa abin a murhu, ya tsaya har ya zama toka.

Kashegari da hantsi ya sauka. Bala ya ce tun daga gaba uku ya ji igiyar tana rawa a hannunsa. A ƙasa Haruna ya ɗaga dagi, sai 'yar fitilar da yake ajiyewa a gefe ta lumshe ta mutu. Masu haƙa sun san akwai iska marar kyau da ke kwanciya a gindin rami, shi ma ya sani. Amma da numfashinsa ya fara sarƙewa, ba addu'a ce ta zo masa ba. Hannunsa ne ya tafi ƙugu yana lalube.

Bala ya jawo shi yana salati. Haruna ya kwanta a kan jar ƙasa.

“Iska ce kawai, Haruna,” in ji Bala. “Gobe mu yi mata fifita da ganye, ta fita.”

“Ba iskar nake tsoro ba,” in ji shi. “Hannun nan nake tsoro. In na sake sauka, zan koma wurin Dada in ce ta ɗinka mini wani.”

Ya je ya ba mai rijiyar haƙuri, ya nuna masa wasu masu haƙa daga ƙauyen Balan. Yanzu gero da wake yake nomawa. Har yau in ya sayi sabon wando, Baiwa ce ke ɓoye shi a akwatinta, kuma kullum da safe yana zuwa gaida Dada.

Mutanen Balan sun haƙa tasu can gaba, kusa da darbejiya. Ta Haruna an rufe bakinta da kwanon rufi da ƙaya saboda awaki. Bala ya ce ƙasar gindinta ta riga ta fara danshi.